Sidni a yini ɗaya: barikin fursunoni, tsibirin Cockatoo ko Parramatta?

Baƙon da ya sauka Sidni, babban birnin jihar New South Wales a Ostiraliya, da niyyar ganin wuraren tarihi yakan fara da kuskure ɗaya. Ya duba taswira, ya ga barikin Hyde Park da tsibirin Cockatoo da garin Parramatta duk a kan hanyar ruwa guda, sai ya yanke cewa zai haɗa su daga safe zuwa magariba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Tsakanin tsakiyar birni da Parramatta akwai kimanin kilomita 24, gidajen tarihin suna rufewa tun da la'asar, wasu kuma ba kullum suke buɗewa ba. Dole a zaɓa, kuma zaɓin ya danganta da ɓangaren labarin da mutum yake son gani.

Labarin kansa guda ne. A watan Janairun 1788 jiragen ruwa 11 suka iso daga Ingila ƙarƙashin Arthur Phillip, ɗauke da ɗaurarru da sojojin da ke tsaronsu, suka sauka a ƙasar mutanen Gadigal, 'yan asalin wurin. Daga lokacin zuwa 1868 Birtaniya ta kwaso fursunoni fiye da 160,000 zuwa Ostiraliya. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wurare 11 na wannan zamani cikin jerin kayan tarihin duniya, huɗu daga ciki a jihar New South Wales. Na huɗun, tsohuwar hanyar Great North Road da fursunoni suka sassaƙa a duwatsu kusa da Wisemans Ferry, sai mai mota da ƙarfin hawan tudu, don haka a ajiye ta gefe. Sauran ukun ne ake iya kaiwa da jirgin ƙasa ko jirgin fito. A barikin za ka ga inda fursuna yake kwana. A tsibirin za ka ga inda ake kai shi in ya sake laifi. A Parramatta kuwa za ka shiga ɗakunan waɗanda suka ci guminsa.

Barikin Hyde Park shi ne mafi sauƙin kaiwa. Yana ƙarshen titin Macquarie, dab da tashar jirgin ƙasa ta St James, kuma daga mashigar jiragen fito ta Circular Quay tafiyar ƙafa ce ta minti 15 zuwa 20, da ɗan hawa kaɗan. Gini ne na jan bulo mai hawa uku, an yi shi tsakanin 1817 da 1819 bisa umarnin Gwamna Lachlan Macquarie. Wanda ya zana shi, Francis Greenway, shi ma ɗaurarre ne: an yanke masa hukuncin kisa a Ingila kan takardar jabu, aka sassauta zuwa kora ta shekara 14, gwamnan ya yafe masa gaba ɗaya a shekarar da aka buɗe barikin. Daga baya hotonsa ya zauna a kan takardar dala 10 ta ƙasar daga 1966 har zuwa farkon shekarun 1990, abin da ba kowane mai jabu yake samu ba.

An gina wurin don maza 600, amma akwai lokutan da aka cusa fiye da ninkin hakan. Kimanin fursunoni 50,000 ne suka ratsa ta ƙofarsa kafin 1848. Daga nan ya koma masaukin mata baƙin haure, ciki har da 'yan mata marayu da aka kwaso daga ƙasar Ailan lokacin babbar yunwa, sannan daga 1862 aka ware benen sama don tsofaffin mata marasa galihu, daga baya kotuna da ofisoshin gwamnati suka mamaye shi har 1979. Abin da ya bambanta wannan gida da sauran shi ne ɓeraye. Shekaru da dama suna jan tsumma da maɓallai da guntayen takardu da lofen taba zuwa ƙarƙashin katakon daɓe don yin sheƙa, wasu kayan kuma ta tsagar katako suka faɗa, wasu mutanen ne suka ɓoye. Da aka ɗaga daɓen wajen gyara sai aka tarar da dubban abubuwa a bushe, ba su ruɓe ba, har da rigar fursuna sukutum. Kayan talaka irin waɗannan ba kasafai suke tsira a ko'ina ba.

Tun da aka sake buɗe shi a Fabrairun 2020, ba a karanta tarihi a allon bango sosai. Ana ba ka na'urar sauraro ka sa a kunne, ita ke gane ɗakin da ka shiga ta fara magana. Wannan yana da amfani, yana kuma da matsala. Amfaninsa shi ne labarin yana tafiya a tsare, daga jirgin ruwa zuwa ɗakin kwana na sama inda aka jera gadajen lilo na zane kafaɗa da kafaɗa, har zuwa abin da faɗaɗar mulkin ya jawo wa 'yan asalin ƙasar, ciki har da kisan gillar Myall Creek na 1838. Matsalarsa ita ce wanda kunnensa bai saba da Turanci mai sauri ba zai rasa rabin abin, kuma masu tafiya a ƙungiya kowa yakan shiga duniyarsa, ba hira. Wanda ya yi sauri ya tsallaka ɗaki sai muryar ta yanke ta koma wani labarin. A ware awa ɗaya da rabi, a kuma kama gurbi ta intanet tun kafin a zo, musamman lokacin hutun makarantu.

Wanda ya zaɓi barikin ya samu unguwar The Rocks a matsayin gyara, domin tana gefen Circular Quay. Nan ne fursunonin farko suka kafa bukkokinsu a kan duwatsu. Akwai Cadmans Cottage na 1816, da Argyle Cut, wata hanya da aka fara huda dutse da hannu a 1843 aka ƙarasa da nakiya a 1859, da Susannah Place, jerin gidaje huɗu na ma'aikata da aka gina a 1844, waɗanda ba a shiga sai da ɗan rakiya kuma mutane kaɗan a lokaci guda. Annobar da ɓeraye suka kawo a 1900 ta sa gwamnati ta rushe ɓangare, ginin babbar gadar da aka buɗe a 1932 ya cinye wani, sauran kuma ƙungiyar leburorin gini ƙarƙashin Jack Mundey ce ta cece shi a farkon shekarun 1970 da ta ƙi taɓa aikin rusau. Sai dai gaskiya unguwar ta zama kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Tsoffin mashayun giya suna da yawa, Asabar da Lahadi rumfunan kasuwa suna toshe tituna, matakalan dutse kuma suna wahalar da mai keken jariri ko ciwon gwiwa. Da safiyar ranar aiki ne ake ganin ginin da kyau.

Tsibirin Cockatoo wani abu ne daban, kuma shi ne wanda baƙi suka fi rainawa kafin su je. 'Yan asalin ƙasar suna kiransa Wareamah. Shi ne tsibiri mafi girma a mashigin ruwan Sidni, kimanin hekta 18. Jirgin fito na gwamnati daga Circular Quay yana kai mutum cikin minti 20 zuwa 30, layin F8 ko layin kogin Parramatta F3, kuma ba a biyan kuɗin shiga tsibirin, kuɗin jirgi kawai. Tafiyar kanta tana bi ta ƙarƙashin babbar gada, wadda wasu ke biyan kuɗi mai yawa a jiragen shaƙatawa don su gani.

Gwamna George Gipps ne ya mai da shi kurkuku a 1839, don waɗanda suka sake aikata laifi bayan an kawo su. Aikinsu fasa dutse ne, wasu da mari a ƙafa. Dutsen da suka fasa ya shiga ginin bakin ruwan Circular Quay. Suka kuma haƙa rumbunan hatsi a cikin dutsen, masu siffar tulu, baki ƙarami ciki faffaɗa, zurfinsu ya kai mita shida, don a tanadi alkama saboda shekarun fari. Hukumomin Landan ba su so gwamnati ta riƙa ɓoye hatsi tana taɓa farashin kasuwa ba, suka sa aka daina. Daga baya da aka yanke gefen tudun don faɗaɗa ma'aikata, wasu rumbunan suka tsage biyu, shi ya sa yau ake ganin cikinsu daga hanyar gefen dutse, har da sawun diga a jikin bango. Babban aikin kuwa shi ne Fitzroy Dock, wani kwarin gyaran jirgi da ake shigar da jirgin ruwa a rufe ƙofa a zuƙe ruwan. Shekara goma ana sassaƙa shi, daga 1847 zuwa 1857. Guduwa daga nan sai mai ƙarar kwana, domin yawancin ɗaurarrun ba su iya iyo ba. Fred Ward ya yi iyo ya tsallake tare da wani abokinsa a 1863, ya zama ɗan fashin daji da aka sani da Captain Thunderbolt.

An rufe kurkukun a 1869, wurin ya zama makarantar horon 'yan mata mai suna Biloela daga 1871, ya sake zama gidan yari, sannan a 1913 gwamnatin tarayya ta karɓe shi don ƙera da gyaran jiragen yaƙi. Bayan faɗuwar Singafo a 1942 ya zama babbar cibiyar gyaran jirage a wannan yanki na tekun Pasifik. Aiki ya tsaya a farkon shekarun 1990, aka buɗe wa jama'a a 2007. Wannan tarin zamani a kan zamani shi ne abin da ke rikita baƙo. Da ka sauka daga jirgi, abin da zai cika maka ido manyan injinan ɗaga kaya ne masu tsatsa da rumfunan ƙarfe, duk na ƙarni na 20. Mutane da yawa sukan zagaya ƙasa, su bi ta ramin Dog-Leg da aka huda a ƙarƙashin tudun, su ɗauki hoto, su koma jirgi ba tare da sun ga kurkukun ba. Kurkukun yana saman tudu. Sai an hau, ta titi mai gangara ko ta matakala mai tsayi, kafin a isa farfajiyar fursunoni da ɗakunan kwanansu da rusasshen ɗakin masu gadi mai ƙananan kafofin bindiga. A fara da sama tun ƙafa na da ƙarfi, a sauko ƙasa daga baya.

Tsibirin ba ya yi wa mutum bayani da kansa kamar barikin. Akwai alluna, amma wanda bai ɗauki taswira a ofishin baƙi da ke bakin mashiga ba, ko bai biya kuɗin na'urar sauraro ko zagayen ɗan rakiya ba, zai ga bango da dutse kawai. Inuwa ta yi ƙaranci, daɓen kankare yana mayar da zafi, iska kuma tana kaɗawa da sanyi a watannin Yuni zuwa Agusta. Daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara tsuntsayen teku suna sheƙa a wurin, suna ihu suna kawo sura ga wanda ya matso kusa da 'ya'yansu, hula tana taimakawa. Wuraren cin abinci kaɗan ne, mai neman halal gara ya zo da guzurinsa da gorar ruwa. A ware awa biyu da rabi zuwa uku, ban da jirgi, a kuma duba lokacin jirgin komawa tun ana sauka. Mai son kwana akwai tantuna da ake haya a bakin ruwa.

Parramatta ita ce mafi nauyi a tarihi kuma mafi wahalar tsarawa. Gonar farko da aka yi a bakin teku ta ƙi, ƙasar rairayi ce, yunwa ta kusa gamawa da baƙin. A Nuwamban 1788 Phillip ya bi kogi ya sami ƙasa mai kyau a yankin mutanen Burramattagal, ya sa wa wurin suna Rose Hill, a 1791 aka mayar da sunan zuwa Parramatta, daga kalmar 'yan ƙasar da ke nuni da wani kifi mai kama da maciji da ya yi yawa a kogin. Nan aka fara raba filaye, nan kuma rikicin ƙasa ya yi zafi: a 1797 jarumin 'yan ƙasa Pemulwuy ya shigo garin da mayaƙansa, aka harbe shi, ya warke ya tsere.

Wuraren gani sun kasu gida biyu, kuma tazarar kusan kilomita uku ke tsakaninsu, abin da taswirar waya ba ta nuna wahalarsa sai an fara tafiya cikin rana. A yamma da tashar jirgin ƙasa, tafiyar minti 15 zuwa 20, akwai Old Government House, tsohon gidan gwamna, a cikin dandalin Parramatta Park mai hekta 85. Gwamna John Hunter ya gina ɓangaren farko a 1799, Macquarie ya faɗaɗa shi wajen 1815 zuwa 1816, kuma shi ne ginin gwamnati mafi tsufa da ya rage a ƙasar. Ƙungiyar National Trust ke kula da shi, ana biyan kuɗin shiga, kayan ɗakin na ainihi ne na zamanin, don haka kallo ne da ido, ba taɓawa. Dandalin kansa kyauta ne, akwai ragowar ɗakin duban taurari na Gwamna Brisbane na 1822 da gidan wankansa. Wanda ya ga falon Macquarie ya kamata ya riƙe a ransa cewa gwamnan da ya ɗaga darajar Greenway shi ne ya tura sojojin da suka kashe 'yan ƙasa aƙalla 14 a Appin a 1816.

A gabas kuma akwai Elizabeth Farm, gidan John da Elizabeth Macarthur, wanda aka fara a 1793 a kan eka 100 da aka ba John, da fursunoni a matsayin ma'aikata. Daga wannan iyali ne kiwon tumakin merino da cinikin ulu suka yi ƙarfi. John mutum ne mai rigima, yana cikin waɗanda suka kifar da Gwamna William Bligh a 26 ga Janairun 1808, ya shafe 1809 zuwa 1817 a waje, matarsa ce ta riƙe gona da garke duk tsawon lokacin. Ga masu yara, wannan gida ya fi ko'ina: kayan ɗakin kwaikwayo ne da gangan, babu igiyar shinge, ana zama a kujera, ana taɓa kayan madafa, ana hutawa a baranda mai faɗi da ke kallon tsohon itacen zaitun. Kusa da shi akwai Hambledon Cottage na 1824 da Experiment Farm Cottage, a filin da tsohon fursuna James Ruse ya nuna a 1791 cewa mutum zai iya ciyar da kansa da noma, aka ba shi eka 30. Gidan da ke wurin yanzu ba nasa ba ne, na likita John Harris ne da ya sayi filin, an gina shi a shekarun 1830. A arewacin gari akwai ragowar Female Factory, inda aka tsare fursunoni mata daga 1821 zuwa 1848 suna kaɗi da saƙa, wanda ba ya cikin jerin UNESCO na 2010.

Abubuwa uku ke ɓata ziyarar Parramatta. Na farko ranar zuwa: waɗannan gidaje hukumomi daban-daban ke riƙe da su, kowanne da kwanakinsa, kuma farkon mako ne aka fi tarar da ƙofa a rufe. A duba kowane gida shi kaɗai, a nufi ƙarshen mako. Na biyu jirgin fito. Tafiyar kogi tana da daɗi amma ta wuce awa ɗaya, kuma in ruwan teku ya janye, kogin yakan yi ƙasa har jirgi ya kasa isa gari, a sauke fasinjoji a Rydalmere su ƙarasa da bas. Jirgin ƙasa na layin T1 daga tashar Central kusan rabin awa ne kawai. Dabarar ita ce a tafi da jirgin ƙasa da safe, a dawo ta ruwa da yamma lokacin da babu ƙofar da za ta rufe. Na uku zafi: yammacin Sidni ba ya samun iskar teku, daga Disamba zuwa Fabrairu yakan fi bakin ruwa zafi da maki da dama. A Penrith, can gaba da Parramatta, an auna zafin maki 48.9 a ma'aunin Celsius a Janairun 2020. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ma kada ya raina ranar nan, tana ƙona fata ko da gari ya yi lumshi.

Ta fuskar ci da salla kuwa Parramatta ce kan gaba. Unguwar Harris Park da ke kan hanyar Elizabeth Farm cike take da gidajen abincin Indiyawa, Granville da Auburn kuma, tasha kaɗan a kan layin komawa birni, halal ba a nemansa da wahala. Masallacin Gallipoli na Auburn, mai ƙubba da hasumiya biyu irin ginin Turkiyya, yana kusa da tasha, don haka ranar Juma'a ana iya haɗa shi da ziyarar. A cikin birni akwai masallaci a Surry Hills kusa da Central. A tsibiri sai dai darduma da wuri mai tsabta. Alƙibla a Sidni yamma take, da ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba.

Kuɗin mota duk hanya ɗaya ake biya: katin sufuri na Opal, ko katin banki ko waya mai taɓawa. Ana taɓawa wajen shiga, a sake taɓawa wajen fita. Wanda ya manta na fita za a cire masa kuɗin tafiya mafi tsawo. Kowane mutum da nasa katin, kuma a tsaya kan abu ɗaya duk yini, domin in ka shiga da waya ka fita da kati, na'urar tana ɗaukar ku mutum biyu ne. Akwai iyakar abin da ake cira a yini, kuma ta fi sauƙi ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi, wanda ya dace da mai hawa jirgin fito sau da yawa. Jiragen shaƙatawa na 'yan kasuwa da ke tsayawa a mashiga ɗaya ba sa cikin wannan lissafi, a duba lambar layi kafin a hau.

Mai yini ɗaya tak, zuwansa na farko, ya haɗa barikin da tsibirin, a wannan jeri. Ya shiga barikin da an buɗe, ya fito kafin azahar da labarin a kansa, ya gangara titin Macquarie zuwa Circular Quay, ya sayi abin da zai ci, ya hau jirgi. Duwatsun tsibirin sun fi magana ga wanda ya riga ya ji yadda ake yanke wa fursuna hukuncin bulala da ƙarin ɗauri a kotun barikin. In an juya jerin, tsibirin yakan zama tsohuwar ma'aikata kawai. A watan Yuni rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, sai a matsa komai gaba. Mai awa uku kacal, ko mai tafiya da dattijo, ko ranar ruwan sama, barikin kaɗai ya wadatar, tunda shi ne a rufe kuma a tsakiyar gari. Mai ƙananan yara da ba za su jure abin kunne na awa ɗaya da rabi ba, Elizabeth Farm da filin Parramatta Park sun fi masa, tsibirin kuma yana da bakin ruwa da gefen dutse da ke bukatar a riƙe hannun yaro. Parramatta ba ta haɗuwa da komai in ana son a shiga gidajen: yininta daban, Juma'a ko Asabar, a fara da Old Government House da safe, a ratsa gari a ci abinci a Harris Park, a ƙare da Elizabeth Farm, sannan a duba ko ruwa ya cika kafin a nufi mashigar jirgi.